Tambayoyi da Amsoshi Kan Rubuta Littafin Ƙagaggen Labari na Farko da Buga Shi da Kai

Waɗannan su ne tambayoyin da sababbin marubuta, maza da mata, suka fi yi idan suka ƙuduri niyyar fitar da littafinsu na farko ba tare da jiran wani kamfanin ɗab'i ba. An gina amsoshin ne bisa halin da marubucin Hausa yake ciki a Arewacin Najeriya, musamman a Kano, inda wannan harka ta fi kafuwa. Duk wanda ya ce zai buga littafinsa da kansa ya ɗauki aikin kamfani guda a wuyansa, kuma a cikin ayyukan nan wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne wanda yake tsakanin ranar da aka gama rubutu da ranar da aka tafi maɗaba'a. Saboda haka a nan ne amsoshin suka fi tsayawa.

Shin buga littafi da kuɗin aljihuna ba ya nuna cewa aikina bai kai a karɓe shi ba ne?

Ba ya nuna haka, domin mafi yawan littattafan labarin Hausa da aka karanta a cikin shekaru arba'in da suka wuce ta wannan hanya suka fito. Ƙagaggun labarai na rubutun boko sun fara ne a hannun hukuma, da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, sannan aikin ya bi ta hannun Kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, a shekarun 1950, har ya zo ga kamfanin ɗab'i na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966. Waɗannan hukumomi su ne suke zaɓen abin da za a buga, hankalinsu kuma ya fi karkata ga littattafan da makarantu za su saya. Da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare a shekarun 1980, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, sai manyan kamfanoni suka ja da baya daga buga labarai. A daidai lokacin ne kuma yaran da aka sa a makaranta ta shirin ilimin firamare kyauta na UPE na 1976 suka taso da iya karatun Hausa, suna neman abin da za su karanta wanda ya shafi rayuwarsu. Matasa, da yawansu mata, suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u suna biya da kansu, suna kai wa 'yan kasuwa su sayar, abin da manazarta suka zo suka kira Adabin Kasuwar Kano.

Wannan hanya ta ba marubuta 'yancin da ba su taɓa samu ba, har matar da take cikin gida ta iya rubuta abin da yake damun mata 'yan'uwanta game da kishi da auren dole da saki, dubban mutane su karanta. Amma a kamfanonin da can akwai edita, wanda zai karanta rubutu ya mayar wa mai shi ya ce a sake, kuma wannan mutum ne ya ɓace daga harkar tun daga wancan lokaci. Sabon marubuci ba shi da dalilin jin kunyar buga littafinsa da kansa. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya nemo wa kansa wanda zai tsaya a matsayin editan nan.

Ina da labari a kaina, amma duk lokacin da na zauna sai in rasa ta inda zan fara. Yaya zan yi?

Sau da yawa abin da yake kan mutum ba labari ba ne tukuna, jigo ne kawai. Wanda ya ce zai yi rubutu a kan illar shaye-shaye ko halin da almajirai suke ciki yana da jigo, amma labari ba ya samuwa sai an sami mutum guda mai suna, mai gida da unguwa, wanda yake son wani abu ƙwarai, aka kuma sami abin da ya tare masa hanya. Kafin a rubuta shafin farko, yana da kyau marubuci ya amsa wa kansa a takarda ɗaya: wace ce tauraruwar labarin, me take nema, wa ko me ya hana ta, me za ta rasa idan ba ta samu ba, kuma a wane hali za a bar ta a ƙarshe. Idan aka kasa cika wannan takarda ɗaya, to shafi ɗari biyu ba zai warware matsalar ba.

Game da buɗe littafi, an daɗe da sabawa da fara labari da bayanin yanayin gari, ko da jero asalin tauraro tun daga kakanni, ko da siffanta kyawun yarinya daga gashi har zuwa yatsun ƙafa. Mai karatu ya ga irin wannan sau ba adadi, kuma ba ya jan kowa zuwa shafi na biyu. Ya fi kyau a fara daga ranar da wani abu ya sauya a rayuwar tauraron, a bar tarihin iyaye ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan a inda ake buƙatarsa.

Tsawon littafin ya kamata ya kai nawa?

Babu wata doka. A kasuwar Kano an saba raba labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci har na huɗu, kowanne siriri, saboda kuɗin bugawa da kuma ƙarfin aljihun mai saye, ba don labarin ya buƙaci haka ba. Ga mai fitar da littafin farko, labari ɗaya cikakke a cikin bango ɗaya ya fi, domin wanda bai san marubuci ba yana jin tsoron sayen na ɗaya alhali ba shi da tabbacin na biyu zai fito. Wanda yake rubuta kalma 500 kullum zai tara kalma 50,000 a cikin kwana 100, wannan kuwa ya isa littafi sosai.

Abokaina suna sakin labarinsu shafi-shafi kullum a WhatsApp da Wattpad tun suna cikin rubutawa. Ni ma in yi haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan zamani, kuma shawarar da za a ba mai littafin farko ita ce ya gama labarinsa tukuna. Ba a musun amfanin wannan hanya: ta fito da marubuta mata masu yawa waɗanda da ba za su taɓa samun kuɗin zuwa maɗaba'a ba, tana ba mutum masu karatu tun daga ranar farko, sharhin da ake yi masa a zaure, wato rukunin masu karatu na WhatsApp, kuma yana hana shi kasala. Sai dai abin da aka saki ya saku. Marubucin da ya kai babi na ashirin sannan ya gane cewa ya kamata wata mata da ya kashe a babi na huɗu ta kasance da rai, ko kuma cewa sirrin da ya tona da wuri shi ne ya kamata ya riƙe har ƙarshe, ba shi da damar komawa ya gyara, domin ɗaruruwan mutane sun riga sun karanta. Ƙwararren marubuci yana iya riƙe zaren labari a kansa yana saki yana tafiya, amma mai koyo yakan gane ainihin labarinsa ne bayan ya kai ƙarshensa.

Matsala ta biyu ita ce masu karatu suna karɓe ragamar labarin. Za su nemi a ƙara wa muguwar kishiya azaba, a dawo da saurayin da suka fi so, a tsawaita wurin da suke jin daɗi, marubuciya kuma saboda gudun kada zaure ya watse sai ta bi son ransu. Daga nan ne ake samun labaran da suke kai shafi ɗari da wani abu alhali abin da ke cikinsu bai wuce na arba'in ba, da taurarin da halinsu yake sauyawa ba dalili, da ƙarshen da aka yi shi a gurguje saboda mai rubutu ta gaji. Akwai kuma labarai masu yawa da aka fara da zafi aka watsar a tsakiya, sunan masu su kuma ya tafi da tabon haka.

Wanda yake son amfanin hanyoyin biyu zai iya rubuta labarin gaba ɗaya a ɓoye, ya gyara shi, sannan ya riƙa sakinsa kashi-kashi a ranakun da ya sanar. Masu karatu za su sami ɗokin jira kamar yadda suka saba, shi kuma ba zai taɓa wayar gari yana neman abin da zai rubuta don kawai ya cika alkawarin ranar ba.

Na rubuta "Alhamdulillahi" a shafin ƙarshe. Me ya rage kafin in tafi maɗaba'a?

Rabin aikin ne ya rage. Da farko a ajiye rubutun na wasu makonni ba tare da an buɗe shi ba, domin idon da ya gama rubutu yanzu ba ya ganin abin da yake kan takarda, abin da yake cikin zuciya yake gani. Bayan haka a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa gyaran kalmomi ba, ana lura da manyan abubuwa kawai: ko akwai babin da za a cire labarin bai rasa komai ba, ko akwai mutumin da aka shigo da shi aka manta da shi, ko shekarun yara da watannin ciki da lokutan azumi da salla sun yi daidai da tafiyar labarin, ko kuma an warware rikicin ne da haɗarin mota ko gadon da ya faɗo daga sama saboda marubuci ya rasa mafita. Irin wannan gyara yakan kai ga sake rubuta babi-babi, kuma ba asara ba ce.

Sai mataki na biyu, a ba mutum biyu ko uku su karanta. Kada a zaɓi waɗanda za su ji nauyin faɗin gaskiya, kamar ƙanwa ko aminiya ko ɗalibi. A nemi mai yawan karatun littattafai wanda zai iya cewa a nan ne na fara jin barci, a nan ne na daina yarda da wannan mutumin. Idan labarin ya taɓa asibiti ko kotu ko aikin ɗan sanda ko hukuncin aure da saki da gado, to lallai a kai wa wanda ya san fannin ya duba. Kurakurai a kan idda da kome da rabon gado suna yawan fitowa a littattafanmu, kuma akwai masu karatun da suke ɗaukar abin da suka gani a littafi a matsayin hukunci, wannan kuwa nauyi ne a kan marubuci.

Mataki na uku shi ne tace harshe, jimla bayan jimla, kuma a nan ne ya dace a biya wanda ya san aikin: malamin Hausa a jami'a ko kwalejin ilimi, ko ɗan jarida da ya daɗe yana aiki da rubutacciyar Hausa, ko tsohon marubuci mai haƙuri. Idan kuɗin da ke hannu ba zai isa a biya mai tacewa a kuma buga kwafi mai yawa ba, a rage yawan kwafin, a biya mai tacewa. Karanta rubutun da babbar murya ma yana taimakawa ƙwarai, musamman wurin hira tsakanin taurari, domin kunne yana kama maganar da Bahaushe ba zai taɓa furtawa ba tun kafin ido ya gan ta.

Ƙa'idojin rubutun Hausa suna da muhimmanci har haka, tunda ana gane abin da nake nufi?

Suna da shi. Rubutun waya ya sa mutane da yawa sun saba da barin haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, alhali barinsu yana sauya ma'ana, kamar tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne na haɗa kalmomi da raba su. Ana rubuta yana da tana da suna a haɗe. Gajeriyar mallaka tana manne da sunan da ta bi, kamar gidansa da motarta, doguwar mallaka kuwa tana tsayawa ita kaɗai, kamar gidan nasa. Ne da ce ba sa mannewa da kalmar da ta gabace su. Akan mai nuna sabo daban take da a kan mai nuna wuri. Littafin da bai kiyaye waɗannan ba yana da wuya a sa shi a manhajar makaranta, alƙalan gasa kuma sukan ajiye shi tun a zagayen farko.

Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta wallafa a 2006 ya cancanci zama a kusa da duk mai wannan aiki. Wajen buga rubutu a kwamfuta, a tabbatar an yi amfani da haruffan da kowace na'ura take ganewa, domin tsofaffin samfuran haruffan Hausa irin su Rabi'at sukan rikiɗe su koma wasu alamomi idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da su. Don haka a kai wa maɗaba'a aikin a matsayin PDF, a kuma duba cewa ƙugiyoyin sun fito a bango da kuma cikin littafin. Wanda yake sa ran masu karatu a Maraɗi da Damagaram ya sani cewa a Nijar ana rubuta ƴ a inda Najeriya take rubuta 'y, amma wannan ba ya hana kowa karanta na ɗan'uwansa.

Zan iya rubutu da karin harshen garinmu? Ingilishi fa a bakin taurari?

Muryar mai ba da labari ta fi dacewa da daidaitacciyar Hausa, domin ita ce kowa ya koya a makaranta. A bakin taurari kuwa karin harshe ado ne kuma gaskiya ce: tsohuwar da ta fito daga Sakkwato ta yi Sakkwatanci, Bakatsine ya yi Katsinanci, muddin marubuci ya iya karin da gaske, ba don ya mayar da masu shi abin dariya ba. Ingilishi ma haka ne. Idan likita ko ɗalibar jami'a ta jefa kalma ɗaya ko biyu, haka ake magana a zahiri. Abin da ba shi da kyau shi ne a cika shafi da jimlolin Ingilishi don nuna wayewar tauraro, saboda da yawa daga cikin masu sayen littattafan Hausa sun zaɓe su ne don da Hausa suke karatu.

Labarina ya faru da gaske ga wata da na sani. Akwai matsala?

Akwai, idan za a iya gane ta. Sauya suna kaɗai bai isa ba matuƙar unguwa da sana'ar miji da yawan 'ya'ya suna nan yadda suke. Tona asirin mutum zalunci ne ko da abin da aka faɗa gaskiya ne, idan kuma aka ƙara abin da bai faru ba ana iya kai marubuci kotu bisa ɓata suna. A nemi izininta, ko kuma a ɗauki ainihin darasin a gina masa sababbin mutane da sabon gari.

Mene ne ISBN, kuma dole ne in samu?

Lamba ce mai alƙaluma 13 da take bambanta kowane littafi da sauran littattafan duniya, a Najeriya kuma Hukumar Ɗakin Karatu ta Ƙasa ce take bayar da ita, tana da rassa a jihohi. Littattafan kasuwar Kano da yawa sun fito ba tare da ita ba, an kuma sayar da su, amma rashinta yana hana littafi shiga manyan shagunan littattafai da kundin ɗakunan karatu, yana kuma wahalar da manazartan da za su neme shi nan gaba. A karɓe ta daga hukumar kai tsaye da sunan marubuci ko sunan kamfaninsa, kada a yarda wani ya manna wa littafi lambar da aka riga aka yi amfani da ita a wani littafin. Dokar hukumar ta 1970 ta kuma wajabta wa mai buga littafi mai zaman kansa ya ajiye mata kwafi 3 na duk abin da ya buga. Wannan ajiya tana amfanar marubuci, domin littattafan Hausa masu yawa na shekarun 1980 da 1990 sun yi wuyar samu a yau, wasu ma har masu su ba su da kwafi.

Ta yaya zan kare haƙƙin mallakata?

Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba marubuci kariya tsawon rayuwarsa da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa, wato littafi dukiya ce da magada za su gada. Duk da haka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajistar ayyuka, takardar da take bayarwa kuma hujja ce mai amfani ranar da aka yi jayayya. A ajiye tsofaffin rubuce-rubucen hannu da kwafin kwamfuta masu kwanan wata. Dokar tana kare yadda aka rubuta labari ne, ba jigonsa ba, saboda haka ba wanda ya mallaki labarin kishiya ko na marainiya. Amma ɗauko littafin wani a sauya sunaye, ko fassara littafin wani harshe ba da izini ba a sa sunan kai, sata ce a doka.

Sai na kai littafina Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i?

Wannan ya danganta da jihar da za a buga ko a sayar. A Kano an kafa hukumar a 2001, ikonta kuma ya haɗa da littattafai, ta kuma sha neman marubuta su yi rajista su kawo ayyukansu a duba kafin su shiga kasuwa. Dangantakar marubuta da hukumomi ta taɓa yin tsami ƙwarai, musamman a 2007 lokacin da aka ƙone wasu littattafan labari a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya. Tsarin yakan sauya daga shugabanci zuwa shugabanci, don haka a je ofishin a ji ƙa'idar da take aiki kafin a kashe kuɗin bugu. Ana iya rubutu a kan fyaɗe da zina da cin amanar aure ba tare da batsa ba, kuma rubutun da ya nuna abin da waɗannan suke jawowa a rayuwar mutum ya fi taɓa zuciya fiye da wanda ya tsaya siffanta su.

Kwafi nawa zan buga, kuma me zan lura da shi a maɗaba'a?

Ba za a iya faɗin farashi a nan ba, domin mafi yawan takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita, masana'antun Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, saboda haka kuɗin rim ɗin takarda yana bin farashin dala. Abin da ba ya sauyawa shi ne yadda lissafin yake tafiya. A babban injin bugu ana fara kashe kuɗin felet, wato farantin da ake ɗora hoton shafuka a kai, da saita inji ko kwafi nawa za a gurza, shi ya sa kuɗin kowane kwafi yake raguwa idan adadi ya ƙaru, shi ya sa kuma mai maɗaba'a zai ba da shawarar a buga 1,000 ko fiye. Lissafinsa daidai ne, amma arahar ba ta da amfani idan kwafi 800 za su shekara a ƙarƙashin gado suna shan ƙura da gara. Injinan zamani masu bugawa kai tsaye daga kwamfuta suna iya fitar da kwafi 50 ko 100. Kowane kwafi ya fi tsada, sai dai suna ba mutum damar gwada kasuwa da kuma gyara kurakuran da masu karatun farko suka gano kafin babban bugu.

Ana buga shafuka ne a babbar takarda a naɗe ta, yawanci 16 a tare, don haka littafi mai shafi 96 ko 112 ko 128 ya fi tsimin takarda. Takardar jarida ta fi araha amma tana saurin yin ja ta kuma yage, farar takarda mai nauyin giram 60 ko 70 ta fi ƙarko. Siririn littafi ana iya ɗinke shi da waya a tsakiya, mai kauri kuwa sai gam, kuma a buɗe samfuri da ƙarfi a ga ko shafuka za su zube. Kada a yarda a fara gurzawa sai an ga kwafin gwaji an karanta shi shafi-shafi an sa hannu. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da yawan kwafi da irin takarda da ranar karɓa da abin da za a yi da kwafin da suka lalace, kada kuma a biya kuɗin gaba ɗaya tun aiki bai fito ba.

Bangon littafi fa?

Sunan littafi ya fito a karanta shi daga nesa, kuma a karanta shi a ƙaramin hoton waya, domin a nan ne mutane da yawa za su fara ganinsa. Kada a ɗauko hoton 'yar fim ko na wata daga intanet ba da izini ba. A bayan bango a rubuta 'yan layukan da za su gabatar da tauraro da matsalarsa ba tare da tona ƙarshen labari ba.

Ta yaya littafin zai kai ga masu karatu?

Hanyar da aka gada ita ce a kai wa dillalan littattafai na Kano, irin na yankin Bata da Sabon Gari, su kuma su rarraba wa masu shaguna da masu talla a wasu garuruwa har zuwa ƙetaren iyaka. Sabon marubuci yawanci ba a biyansa nan take, sai an sayar, kuma a nan ne jari da yawa suka narke. A bayar da kaɗan, a rubuta adadi da farashi da ranar lissafi, kowa ya sa hannu, kada a ƙara wasu sai an biya na farko. Wajen sa farashi a haɗa kuɗin tacewa da bango da bugu da sufuri da kason ɗan kasuwa, ba kuɗin bugu kaɗai ba. Bikin ƙaddamarwa yana iya mayar da wani ɓangare na kuɗin da aka kashe idan mutum yana da jama'a, amma alkawarin da aka yi a gaban lasifika ba duka ake cikawa ba, kada a ci bashi a kansa. Gidajen rediyon da suke karanta littattafai ga masu saurare sun daɗe suna sa mata a gidaje su aika a sayo musu littafi, kuma har yanzu hanya ce mai kyau.

Idan a intanet kawai zan sayar, ba tare da takarda ba fa?

Hanya ce ingantacciya, kuma ta fi sauƙin jari. Tsarin da ya yaɗu shi ne a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ya nuna shaidar biya a sa shi a zaure na musamman, ko kuma a ɗora littafin a manhaja irin ArewaBooks. Babbar matsalar ita ce yaɗa littafi ba da izini ba: mutum ɗaya ya saya ya tura wa zaure goma. Ba a iya toshe wannan gaba ɗaya, amma manhajar da ake karatu a cikinta ba tare da sauke littafin ba tana rage shi, farashi mai sauƙi ma yana rage shi. Kada kuma a dogara da dandali ɗaya. OkadaBooks, wanda marubutan Najeriya da yawa suka dogara da shi, ya rufe a 2023. Marubuci ya riƙe cikakken kwafin aikinsa a wuri fiye da ɗaya, ya kuma riƙe hanyar da zai iya sanar da masu karatunsa kai tsaye. Littafin intanet yana buƙatar tacewa daidai da na takarda.

Wani ya nemi ya karanta littafina a YouTube, wani kuma yana so ya mayar da shi fim. In amince?

Ana iya amincewa, amma a rubuce. Haƙƙin bugawa daban, haƙƙin karantawa a murya daban, haƙƙin fim daban, haƙƙin fassara daban, kuma ana iya bayar da ɗaya a riƙe sauran. Dokar Haƙƙin Mallaka ta tanadi cewa sayar da haƙƙi ko bayar da izini na keɓe ba ya inganta sai a rubuce. Takardar ta bayyana wane haƙƙi aka bayar, na shekara nawa, nawa za a biya kuma yaushe, ko za a sa sunan marubuci, da kuma iyakar sauyin da mai fim zai iya yi wa labarin. Tun farkon masana'antar fina-finan Hausa a shekarun 1990 littattafai suke ciyar da ita da labarai, don haka wannan buƙata tana iya zuwa ko ga littafin farko. Idan mai nema ya ce a sayar masa da labarin gaba ɗaya har abada, a nemi shawarar lauya ko ta shugabannin ƙungiyar marubuta, kamar reshen jiha na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, kafin a sa hannu.